Goyon Ciki a Tsallaken Komadugu

Matar ƙanena ba ta so tafiya goyon ciki ba. Da wannan nake fara labarin duk lokacin da aka tambaye ni, saboda na san mutanenmu, sun iya ɗora wa mace laifi, musamman in ba ta wurin. Cikin fari ne, ya shiga wata na bakwai. Ta samu Innarmu a tsakar gida tana tsintar shinkafa, ta durƙusa, ta ce ita da za a bar ta a nan Diffa za ta haihu, ga likita kusa, ga ungozomar da ta saba da ita wurin awo. Ta ce garinsu yanzu ba kamar da ba ne, cikin ɗar-ɗar ake kwana. Inna ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce a Damagaram haka ta taso ta gani, a nan ma haka ta tarar: haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, uwa ce ke dafa ruwan wanka, uwa ce ke dama kunun kanwa. In muka riƙe 'yar mutane, me za mu ce wa iyayenta? Cewa za a yi mun raina su don suna ƙauye.

Ni ce babba a gidan. Mijina ya rasu na dawo gaban Inna, ina sayar da turaren wuta da atamfa a ɗaki, kuma duk unguwa an shaide ni da baki. Ran nan dai ban sa baki ba, don ni ma haka aka yi mini lokacin nawa.

Mahaifinmu daga Damagaram ya zo tun ina goye. Ya buɗe shago kusa da kasuwa, yana sayen busasshen tattasai wurin manoman bakin Komadugu, kuma bai taɓa tambayar buhu daga wace gaɓa ya fito ba. Mahaifin yarinyar yana cikin masu kawo masa kaya, Babarbare ne dogo marar yawan magana, garinsu na tsallaken kogi. A takarda Najeriya ce, amma in kana cikin gonakin gefenmu da la'asar kana jin ladaninsu. Abota ta yi ƙarfi har ta kai ga haɗa 'ya'ya aure. Malamai suka ɗaura, aka raba goro da dabino, aka watse. Ba wanda ya tuna da zuwa meri, ofishin magajin gari, a rubuta, ba wanda ya ga dalilin tunawa. Bayan rasuwar Baba, ƙanena ya gaji shagon.

Ni na raka ta bakin ruwa. Lokacin kogi ya cika ya batse, tattasai ya yi jawur a gonaki, jiragen fito suna ta kai-komo. Ƙanena bai zo ba, kunyar ɗan fari ta hana shi. Da safe ya tsaya bakin ƙofar ɗakinta ya ce Allah ya kiyaye hanya, kamar mai sallamar baƙuwa, ya wuce shago. Na daɗe ina yi masa tsiya a kan wannan. Ita kuwa ta shiga jirgi da ƙunshin kayanta, ta ce mini da Hausarta ta Barebari, wadda ke mayar da kowace mace namiji, in riƙa leƙa mata ɗaki kada ɓeraye su yi mata ɓarna.

Ba ta yi wata biyu da tafiya ba abubuwa suka lalace. Aka kai hari a gefenmu, aka kashe mutane, cikinsu har da wani direba abokin ƙanena tun suna lakwal, wato makarantar boko. Aka ce ta ruwa maharan suka shigo. Sai gwamna ya kafa doka. An hana fito, an ɗaure jirage. Duk mai shigowa daga tsallake sai ta shingen hukuma da takardunsa a hannu. Wanda ya bi wata hanya ya shigo ba bisa ƙa'ida ba, mai gidan da ya sauke shi bai sanar da mai unguwa ba shi ma ya shiga uku. Shingen kuwa yana da nisa da garinsu, kuma ranakun da yake rufe sun fi waɗanda yake buɗe.

Cikin wannan hali ta haihu. Waya ɗaya ta shigo, daga wani da ya hau tudu yana neman rezo, inda waya za ta kama: namiji ne, uwa da ɗa lafiya. Daga nan layin garinsu ya mutu gaba ɗaya. Ranar suna ba ko mutum ɗaya daga gidanmu. Ragon da ƙanena ya yi ta kiwo yana ɗaure a bayan gida yana cin harawa, can kuma kakan yaro ya yanka nasa. Daga baya muka ji sunan Babanmu aka sa masa. Inna ba ta iya faɗar sunan mijinta, sai ta riƙa ce wa jaririn mai gidana, ta ɗan yi dariya.

Akwai benci a ƙofar shagonmu, kuma a watannin nan ba a yin wata hira a kansa sai ta dokar. In na kai wa ƙanena abincin rana nakan tsaya daga ciki ina ji. Wani tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya yana cewa ƙasar da ba ta san mai shiga da mai fita ba, tasha ce kawai. Wani Bafillace daga wajen N'Guelbély, mai zuwa sayen gishiri da shayi, yana cewa shi kakansa a tsallake aka binne shi, ubansa a nan, to a wane gefen ne shi baƙo? Wani ya ce ai gwamna ba shi da hurumin kafa irin wannan doka, aikin gwamnatin Yamai ne. Wani ya ce Yamai na da nisa, kuma ba su ake yankawa ba. Ƙanena kuwa yana bayan dokar da zuciya ɗaya. Shi ya yi wa gawar abokinsa direba wanka, kuma tun ranar wani abu ya ƙandare a cikinsa. Yana cewa in aka bar ƙofa a buɗe don mutumin kirki ɗaya, mugaye za su bi sawunsa. Wata rana Bafillacen ya dube shi ya ce, to matarka fa? Ƙanena ya ce matarsa za ta dawo ta ƙofa, da rana tsaka, da takarda a hannu, ba ta cikin ciyawa kamar ɓarauniya ba.

Ban ga laifinsa ba a lokacin, kuma har yau ba zan ce ƙarya ya faɗa ba. Ni ma tsoro nake ji. In na ga baƙuwar fuska cikin dogon hijabi a kasuwa sai in ja da baya, alhali wataƙila uwarta ta taɓa ba ni ruwa na sha.

Ya kuwa yi ƙoƙari. Ya sa babbar riga ya yi ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan. A ce ya kawo shaidar aure. Shaidar aure sai da waliyyai da matar da kanta. Matar ba ta shigowa sai da shaidar. Waliyyinsa, ƙanen Babanmu, ya rasu, nata yana tsallake. Ko'ina aka karɓe shi da mutunci, ko'ina aka ce ya dawo mako mai zuwa. Ya dawo gida ya cire riga ya ce an kusa. Na ce masa da an kusa tuwo ne da duk gidan nan mun yi ƙiba.

Arba'in ta zo ta wuce. A al'adar surukanmu, mai jego ba ta komawa ɗakinta da ƙafarta. Sai matan gidan miji sun zo da goro da sabulu da turmin zane, sun gaida uwa, sun yi mata sannu da wahala, sun roƙi a ba su matarsu, sannan a haɗa gara a rako ta. Mun san da haka sarai. Abin da ba mu lura da shi ba, da bazara ta shigo ruwa ya janye, kogin ya koma yashi da 'yan tafkuna, matan garinsu sun ci gaba da ratsowa da ƙafa da sassafe, su sayar da tattasai da kuka a ƙauyukan gefenmu su koma, in sun hango masu kaki su laɓe. A wurin surukinmu ke nan hanya a buɗe take, doka kuwa maganar rediyo ce. In tsohuwa mai tallan kuka tana iya zuwa ta dawo, me ya hana gidan Alhaji, wato Babanmu, zuwa ɗaukar matarsu? Mu muna nan muna jiran takarda, shi yana can yana jiran goro, kowa na ganin shi ne mai haƙuri.

Ƙanena ya aika saƙon baki ta hannun ɗaya daga cikin matan, cewa a yi haƙuri, yana kan neman izini. Amsar da ta dawo da ita gajera ce. Dattijon ya ce shi ba a hannun 'yar talla ya ba da 'yarsa ba. Ya ce in ruwa ya dawo ba wanda ya zo, zai ɗauka an sake ta ne aka ji nauyin faɗa, zai je gaban malamai a warware abin, yarinya ba za ta zauna ba aure ba saki ba.

Inna ta ji wannan ta kwanta ciwo. Ƙanena ya ce barazana ce kawai. Ni kuwa na san dattijon tun ina yarinya ina kai musu ruwa shi da Baba, ba ya faɗar magana don a lallashe shi. Na samu ƙanena na ce masa zan je.

Ya ce, “Yaya, ban aike ki ba.”

Na ce, “Ban ce ka aike ni ba.”

Ya ce in aka kama ni ba shi da bakin da zai roƙa mini, bayan duk abin da ya faɗa a kan benci. Na ce ya riƙe bencinsa da kyau kada a sace. Muka rabu ba daɗi. Washegari da na buɗe ƙofa sai ga goro a ƙunshe cikin ganye, da sabulu, da turmin atamfar da ta fi duk waɗanda nake sayarwa tsada. Bai ce shi ya ajiye ba, ni ma ban tambaya ba.

Babur doka ta hana shi, sai na shiga motar kasuwa zuwa wani ƙauyen bakin kogi, na bi sahun matan talla da suke komawa gida. Muka gangara gaɓa muka shiga yashi. Tsallakawar ba ta kai tafiya daga gidanmu zuwa kasuwa ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai: ashe wannan ɗan taƙin ne ya hana ɗa ganin ubansa.

Garin nasu rabin gidajen a rufe, ba ko injin ban-ruwa ɗaya da ke kuka. Na tarar da dattijon a zaure. Na durƙusa na yi wushe, sannunsu ta Barebari, na yi gaisuwar gida, ta jego, ta zafi, ya bar ni na yi ta yi har ta ƙare mini. Ya dubi goron bai taɓa ba.

Ya ce, “'Yar Alhaji, ke kaɗai?”

Na ce, “Ni kaɗai, Baba. Inna ba lafiya.”

Ya ce, “Da ubanki yana da rai, ranar suna yana nan, ko da iyo ne.”

Na sunkuyar da kai. Gaskiya ya faɗa. Sai ya kira matarsa ya ce ta shiga da goron ciki.

Matar ƙanena ta rame, idanunta sun faɗa. Ta rungume ni, ba ta tambayi dalilin daɗewarmu ba, ta tambaya dai ko mijinta yana cin abinci. Aka miƙo mini yaron. Baƙi ne sumul kamar ubansa, kunnensa na hagu ya ɗan lanƙwashe daga sama, ya kama gyalena ya cusa a baki. Uwarta ta haɗa abin da ya samu na gara, tattasai da busasshen kifi da man shanu a kwalba, tana ba da haƙuri wai shekarar ba ta yi kyau ba. Na kwana, da hantsi muka taso. Matan gidan suka rako mu har bakin gaɓarsu suka tsaya.

Ni na goya yaron, ita ta ɗauki kayan a ka. Muna cikin yashi ya yi barci, ina jin numfashinsa a tsakiyar bayana. Ina tafe ina shirya tsiyar da zan yi wa ƙanena, in ga ko kunyar ɗan fari za ta hana shi ɗaukarsa.

Muna hawa gaɓarmu sai ga mota a inuwar goriba, da masu kaki a zaune. Ba wurin laɓewa, kuma da goyo da kaya ina za mu gudu? Shugabansu saurayi ne, Hausarsa ta yamma ce, idanunsa sun yi ja don rashin barci. Bai yi mana tsawa ba. Ya nemi katin ɗan ƙasa, na ba shi nawa. Ya nemi nata, babu. Sai na buɗe baki. Na faɗa masa sunan unguwarmu, da shagonmu, da wanda ya ɗaura auren, da goyon ciki, da ragon da ke ɗaure har yanzu. Na roƙe shi da uwarsa, na roƙe shi da Allah. Ya bar ni na gama.

Ya ce, “Hajiya, na yarda da ke. Amma in na bar ta ta wuce, gobe wata ta zo da irin wannan labari da wani abu a ƙarƙashin hijabi, wa zai amsa? In na bi abin da aka ce mini, mota zan sa ta a kai ta bincike, kuma ban san ranar hitowarta ba. Iyakar abin da zan iya, in ce ban gan ta ba. Ta juya.”

Na ce yaron fa? Ya ce yaro ɗan ƙasa ne tunda ubansa ɗan ƙasa ne, ga shi kuma a bayana, shi bai ga dalilin sauke shi ba. Ya faɗi haka ne don ya taimaka, na gani a fuskarsa.

Hannuna ya kai kan ƙullin zanen goyon ya danne. Na tuna Inna a kwance, na tuna ƙanena, har na fara tunanin akuyar maƙwabta da ke shayarwa. Matar ƙanena ta sauke kayan daga kanta ta ajiye a gabana. Ba ta roƙe ni ba, ba ta yi kuka ba, ta tsaya kawai tana kallona. Yaron ya farka ya fara goga baki a bayana yana neman nono. Na kwance zanen.

Ta karɓe shi ta goya, ta ce in kai wa Inna garar. Ta dubi hanyar da ta nufi Diffa, sannan ta ce, “Yaya, ka ce mishi na zo har nan.”

Ta gangara. Na tsaya har ta haye ɗaya gaɓar, inda matan gidansu ba su ma kai ga watsewa ba. Saurayin mai kaki ya juya mana baya yana duba tayar motarsa.

Da na iso gida na tarar an share ɗakinta, an ɗaura sabon gidan sauro, har an kunna turarena ba a tambaye ni ba. Ƙanena yana tsaye a tsakar gida, shagon ma bai buɗe ba ran nan. Ya gan ni da kaya a ka, bayana wayam. Na ba shi labari daga farko har ƙarshe, na isar da saƙonta kamar yadda ta faɗa. Ya ɗauki kwalbar man shanun ya juya ta a hannu ya ajiye.

Ya daina zama a benci. Tsohon malamin lakwal ya shigo ya yi masa jaje, ya ce sai haƙuri, doka ba ta duba fuska, ƙanena ya ce haka ne. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, masu zuwa daga Maine suka ce ruwa ya taso daga yamma yana tafe. Wata safiya ya kira ni shago. Ya nuna mini inda komai yake, da waɗanda ke kawo kaya daga Damagaram, da wanda ba a yarda da awonsa. Sannan ya miƙo mini makulli. Na gane. Raina ya ɓaci, na ce ashe shi ma ta cikin ciyawar zai bi? Na ce ya san in ya tsallaka ta yashi, dawowarsa laifi ce a nan, can kuma shi ne baƙo mai katin wata ƙasa, duk mai bindiga zai tsare shi ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Na ce Inna fa?

Ya ce, “Har yanzu ban ce dokar ba ta da gaskiya ba, Yaya. Amma ta zo har bakin gaɓa, ni ina nan ina shara.”

Na zage shi, na kira shi marar tunani, na yi kuka a gaban masu sayen shayi. Ya shiga ya durƙusa gaban Inna, ta dafa kansa ba ta hana shi ba. Bai yi mako da tafiya ba ruwa ya iso, kogi ya rufe.

Aure dai bai mutu ba. Mun ji suna tare, mun ji daga baya garin duka ya tashi ya yi kudu, mun ji yana kasa kaya a gindin bishiya a wani gari da ban taɓa zuwa ba. Labarin yakan zo a bakin direbobi, wani lokaci ya yi watanni bai zo ba. Ni ke zama a shago yanzu. Ana nan ana gardamar dokar a kan benci, an sassauta ta an sake tsaurara ta, in aka tambaye ni ra'ayina sai in ce su matsa suna tare mini ƙofa.

Inna ta tashi daga ciwon, amma ba ta koma yadda take ba. Sau ɗaya ta ce mini, ba tare da na tambaye ta ba, yarinyar nan ta roƙe ta ta ƙi. Kullum in na rufe shago na dawo, kafin in ajiye gyale sai ta ce in zo in faɗa mata mai gidan nata. In faɗi baƙinsa, in faɗi kunnen, in faɗi yadda ya ci gyalena. Ta ce sai kuma me? Iyakar abin da na gani ke nan, kwana ɗaya da tsallaken yashi. Amma tana zaune tana jira, don haka na fara ƙara mata abin da ban gani ba.